An Raɗa Wa Kamfani Suna, Saura Raino

A shagon kawuna da ke kasuwar Dawanau akwai wata takarda cikin firam, rataye a bango sama da sikeli, kusa da wata kalanda da ta shekara uku ba a sauke ta ba. Satifiket ɗin kamfaninsa ne. A 2017 ya yi shi, lokacin da banki ya ce ba zai buɗe masa asusun kasuwanci ba sai da rajista. Ya ba wani yaro mai shagon kwamfuta kuɗi da hotuna, bayan 'yan makonni yaron ya dawo da takarda mai tambarin gwamnati da lamba mai farawa da RC. Kawu ya ba shi tukwici, ya sa aka yi wa takardar firam, a wurinsa magana ta ƙare ke nan.

Bayan shekara bakwai wasu masu fitar da riɗi ƙasashen waje suka so su ƙulla yarjejeniyar sayen kaya da shi. Lauyansu ya buga sunan kamfanin a shafin binciken CAC, wato Hukumar Rajistar Kamfanoni, wanda kowa zai iya shiga kyauta da wayarsa, sai ga kalma ɗaya a gaban sunan: INACTIVE. Suka nemi takardar shaidar biyan haraji, babu. Kawu ya kira ni da daddare.

"Kai ɗan nan, gobe ka zo ka duba mini. Wai sun ce kamfanina ba ya aiki. Ni da nake auna buhu ɗari a wuni?"

"Kawu, tun da aka yi rajistar, ka taɓa kai rahoton shekara?"

"Rahoton me? Wa zan kai wa? Ai na biya su kuɗinsu cas."

Ba shi kaɗai ba ne. A Kantin Kwari, a Singa, a Sabon Gari, firam irin nasa ba sa ƙirguwa, kuma mafi yawan masu su sun ɗauka lasisi suka saya, irin wanda ake biya sau ɗaya a rataye. Abin da suka karɓo takardar haihuwa ce. Ranar da Hukumar Rajistar Kamfanoni ta sa wa kamfani lamba, an haifi wani sabon mutum a idon doka, mai sunansa, mai aljihunsa, wanda zai iya mallakar fili, ya ci bashi, ya kai ƙara, a kai shi ƙara. Wanda ya yi rajistar ya zama uba, kuma kowa ya san bayan an watse daga taron suna ne ɗawainiya ke farawa.

Wannan ra'ayi na cewa kamfani mutum ne dabam da mai shi, daga Ingila muka gaje shi. Akwai wani baduku mai ɗinkin takalma a Landan, Aron Salomon, wanda ya mayar da sana'arsa kamfani a 1892. Dokar lokacin na neman mutum bakwai, sai ya rubuta matarsa da 'ya'yansa biyar, kowa hannun jari ɗaya, shi ya riƙe 20,001. Ba a daɗe ba kasuwa ta juya baya, kamfani ya karye. Masu bin bashi suka ce wannan rufa-rufa ce, Salomon shi ne kamfani, ya biya daga aljihunsa. Kotuna biyu suka ba su gaskiya, amma kotun ƙolin Ingila ta wancan zamani ta warware, ta ce tunda an yi rajista bisa ƙa'ida, bashin kamfani na kamfani ne. Wannan hukunci da lauyoyi ke kira na 1897, a kansa dokarmu ta ginu. CAC kanta an kafa ta ne da dokar soja ta 1990, ita ce aka yi shekara 30 ana aiki da ita, har zuwa 7 ga Agustan 2020 da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar kamfanoni da ake kira CAMA.

Tambaya ta farko, wadda yaron shagon kwamfuta bai yi wa Kawu ba, ita ce: kamfanin kake bukata, ko sunan kasuwanci? Mutane na haɗa su su kira duka "rajistar kamfani", alhali tsakaninsu akwai nisa. Sunan kasuwanci, mai lamba BN, wanda yawanci ke ƙarewa da Enterprises ko Ventures, inkiya ce kawai. Kai ne dai, ka sa wa shagonka laƙabi, hukuma ta rubuta cewa mai wannan laƙabi wane ne. Idan kasuwancin ya ci bashi, kai ka ci, har gidanka da gonarka ana iya bi. Harajinka na mutum ɗaya ne, hukumar harajin jiharka kake biya. Doka ta ce duk mai kasuwanci da sunan da ba nasa na yanka ba ya yi rajista cikin kwana 28 da farawa, kuma a 2024 an taso masu POS a gaba kan batun rajista. Ya fi araha, ya fi sauƙin riƙewa, kuma a ganina shi ya fi dacewa da mai ɗinki, mai shagon kayan masarufi, mai gyaran waya, da duk wanda ba ya shirin ɗauko jarin wani ko neman babbar kwangila. Amma namu da son girma, kowa so yake a ga "Nigeria Limited" a jikin allonsa, ko da teburi ɗaya ne da kujera biyu. Ƙungiyoyi, masallatai da makarantun Islamiyya kuwa layinsu dabam ne, rajistar amintattu suke yi, har sai an buga sanarwa a jaridu an jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi.

To, a ce kamfanin ake bukata. Yin rajistar kanta yanzu ba wani abin tashin hankali ba ne, ta intanet ake komai, satifiket ma ta nan ake sauke shi. Za ka nemi a keɓe maka suna, idan babu mai irinsa a riƙe maka shi kwana 60. Kalmomi irin su Federal, National, Group da Holding sai da izini na musamman. Za ka ba da adireshin ofis, ka faɗi irin harkar da kamfanin zai yi, ka kawo lambar NIN ta kowane darakta da mai hannun jari, ka biya kuɗin rajista da harajin hatimi. Dokar 2020 ta sassauta abubuwa da dama: mutum ɗaya tak zai iya kafa kamfani mai zaman kansa, abin da a da sai mutum biyu, kuma hatimin ƙarfen nan da ake matsa wa takarda ya zama ganin dama.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Guraben da ake cikewa cikin minti biyar, a tsaye, ana amsa waya, su ne ke dawowa su hana barci bayan shekaru.

Ɗauki jari. Mafi ƙarancin abin da doka ta yarda kamfani mai zaman kansa ya fara da shi naira 100,000 ne, wanda ke sayar da hannun jari ga jama'a kuma naira 2,000,000. Yawanci miliyan ɗaya ake rubutawa. Wannan adadi ba ado ba ne, alkawari ne. Ma'anar Limited ita ce iyakar abin da za a bi mai hannun jari idan kamfani ya karye shi ne abin da ya rage bai biya ba daga hannun jarin da ya karɓa. Wanda ya rubuta miliyan 50 don a ga kamfaninsa da kauri, bai zuba ko sisi ba, ya ƙara wa kansa harajin hatimi a yau, ya kuma sa hannu cewa ana binsa miliyan 50 ranar da abu ya lalace. Wasu harkokin, kamar canjin kuɗi da jigilar alhazai, hukumominsu ne ke yanka jarin da za a fara da shi, don haka a tambaya tun kafin a cike.

Sai batun sunayen da ake sawa, wanda shi ne ya fi ba ni tsoro. Darakta dabam, mai hannun jari dabam, ko da mutum ɗaya na iya zama duka biyun. Darakta shi ke tafiyar da kamfani, shi doka ke kamawa idan an yi sakaci. Mai hannun jari shi ke da mallaka. A wurinmu an saba a ce "sa sunan Hajiya", "sa sunan babban yaron nan", don kawai a cike gurbi. Hajiya ba ta san ita darakta ba ce sai ranar da banki ya ce sai ta zo ta sa hannu. Na ga inda aka rabu da matar shekara biyar, ta yi wani auren a wani gari, amma kashi 30 cikin 100 na kamfanin tsohon mijinta na nan da sunanta. Cire darakta abu ne da masu hannun jari za su iya yi da ƙuri'a. Hannun jari kuwa dukiya ce, ba a ƙwace ta, sai mai ita ya sa hannu ya sayar ko ya bayar. Yaron da bai kai shekara 18 ba ba ya zama darakta. Ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci kuma, kundin tsarin mulkin 1999 ya hana shi tafiyar da kasuwanci in ba noma ba. Ya riƙe hannun jari babu laifi, amma kujerar gudanarwa na iya kai shi gaban kotun ɗa'ar ma'aikata.

Akwai wani ƙaramin abu da ba a kula da shi: imel da lambar waya. Idan ejan ne ya yi maka rajista ya sa nasa, duk saƙon da hukuma za ta aiko wurinsa zai tafi. Yaron da ya yi wa Kawu ya daɗe da rufe shago ya bar gari, sai da muka yi ta fama kafin muka kai ga bayanan kamfanin. A nemi ejan ko lauyan da CAC ta amince da shi, a tsaya a ga an sa imel ɗin mai kamfani, a kuma karɓi takardu uku ba ɗaya ba: satifiket, kundin manufofi da ƙa'idojin kamfani, da takardar da ke nuna daraktoci da yadda aka raba hannun jari. A karanta ta ukun nan da kyau, a ranar.

Yanzu ga rainon. Haƙƙi na farko na CAC ne, shi ne rahoton shekara. Ba haraji ba ne, kuma nan ne kan mutane ke ɗaurewa. Sanarwa ce ga hukuma cewa kamfanin na raye, ga adireshinsa, ga daraktocinsa, ga masu shi, ga bayanin kuɗinsa. Ko an yi ciniki ko ba a yi ba, dole ne. Sabon kamfani na da sararin watanni 18 na farko, daga nan kowace shekara, cikin kwana 42 bayan babban taron masu hannun jari. Mai sunan kasuwanci shi ma yana kaiwa, wa'adinsa 30 ga Yuni. Idan aka makara akwai tara, kuma dokar ba a kan kamfani kaɗai ta ɗora ta ba, har da kowane darakta. Shekarun da aka tsallake ba sa yafuwa, taruwa suke yi, ranar da ka zo gyara sai ka biya kowace da tararta. Kafin nan an sa maka alamar da lauyan masu riɗi ya gani, wadda banki ke gani, ofishin jakadanci ke gani idan ka nemi biza da sunan kamfani, mai ba da kwangila ke gani.

Idan shirun ya kai shekara 10 a jere, sashe na 692 ya ba hukuma ikon goge sunan kamfanin daga rajista. Ba barazanar baki ba ce: a ƙarshen 2023 CAC ta fitar da jerin kamfanoni sama da 90,000 da ta ce za ta goge. Kamfanin da aka goge ya mutu a idon doka, amma bashin da ke wuyan daraktocinsa bai mutu ba, kuma dukiyar da ta rage da sunansa na iya komawa hannun gwamnati. Wanda ya sayi fili da sunan kamfani ya manta da rahoton shekara, ya yi tunani a kan wannan. Dawo da shi kuwa na iya kai mutum har Babbar Kotun Tarayya.

Dokar ta tausaya wa ƙananan kamfanoni. Idan cinikin shekara bai wuce naira miliyan 120 ba, dukiyar kamfani bayan cire bashi ba ta wuce miliyan 60 ba, babu baƙon ƙasa ko gwamnati cikin masu shi, kuma daraktoci ne ke riƙe da aƙalla kashi 51 cikin 100, to ba dole ba ne a ɗauki sakataren kamfani, ba dole a kawo mai binciken kuɗi daga waje, ba dole a yi babban taron shekara, darakta ɗaya ma ya isa. Amma rahoton shekara na nan daram, haka ma ajiye littattafan kuɗi na shekara shida. Ga kuma ƙananan sanarwa da ake mantawa: an canja darakta ko an tashi daga ofis, a gaya wa hukuma cikin kwana 14, an jinginar da kadarar kamfani don karɓar bashi, a yi rajistar jinginar cikin kwana 90.

Wani sabon abu da dokar 2020 ta kawo shi ne bayyana ainihin mai kamfani. Duk wanda ke riƙe da kashi 5 cikin 100 ko fiye, ko wanda ke juya kamfanin daga bayan labule, sai an rubuta shi a wata rajista da aka buɗe wa jama'a a 2023. Dalili a fili yake. An daɗe ana kafa kamfani da sunan direba ko ɗan aike, ana wawure kuɗin gwamnati ta cikinsa. A Fabrairun 2023 hukumar FATF mai sa ido kan halasta kuɗin haram ta sa Nijeriya cikin jerin ƙasashen da ake zuba wa ido, ba a cire ta ba sai Oktoban 2025, kuma wannan rajista na cikin abubuwan da aka gyara. Saboda haka wanda aka ce "ara mini sunanka in yi rajista", ya san abin da yake arawa.

Haƙƙi na biyu haraji ne, kuma shi ya fi cizo. Tun 2020 lambar haraji ke fitowa tare da satifiket, wato tun ranar haihuwa hukumar haraji ta san da yaron. A ranar 26 ga Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji huɗu, sabon tsarin ya fara aiki 1 ga Janairun 2026, hukumar harajin tarayya da aka sani da FIRS ta koma NRS. Tun dokar kuɗi ta 2019 kamfanin da cinikinsa bai kai miliyan 25 a shekara ba ba ya biyan harajin riba, sabuwar doka kuma ta ɗaga wannan iyaka sama, manya na biyan kashi 30 cikin 100. A lura, ma'aunin "ƙaramin kamfani" na masu haraji dabam yake da na CAC, kowa da mudunsa.

Tarkon yana cikin kalmar yafewa. An yafe maka biya, ba a yafe maka kai bayani ba. Kamfanin da harajinsa sifiri ne, har wanda bai sayar da ko allura ba, sai ya kai bayanin kuɗinsa cikin wata shida bayan rufe shekararsa. Sabo kuma cikin wata 18 da rajista ko wata shida bayan rufe shekarar farko, duk wanda ya riga zuwa. A tsohuwar doka tarar makara naira 25,000 ce a watan farko, 5,000 kowane wata bayansa, wato 80,000 a shekara. A sabuwa ta koma 100,000 a watan farko, 50,000 kowane wata, wato 650,000 a shekara ɗaya. Kamfanin da aka yi wa rajista don wata kwangilar da ba ta samu ba, aka jefa takardunsa a durowa, yana nan kwance yana tara wa mai shi wannan lissafi.

Sauran kuɗaɗen ma ba naka ba ne, amana ce ke bi ta hannunka. Harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 mai saye ne ke biya, kamfanin da ya kai matsayin karɓa ya miƙa kafin 21 ga watan da ke biye. Harajin da ake cira daga albashin ma'aikata na jiha ne, a Kano KIRS, a Kaduna KADIRS, kafin 10 ga wata, kuma albashin da darakta ke biyan kansa na ciki. Idan ma'aikata sun yi yawa ga fansho, kamfani ya zuba kashi 10, ma'aikaci kashi 8, bisa dokar 2014. Ga kashi 1 na jimillar albashi zuwa NSITF don diyyar wanda ya ji rauni a bakin aiki. Ga asusun horar da ma'aikata na ITF. Mai harin kwangilar gwamnatin tarayya duk za a nemi takardun waɗannan a wurinsa, tare da shaidar haraji ta shekara uku.

Satifiket ɗin CAC kuma ba izinin yin kowace sana'a ba ne. Mai ruwan leda ko abincin gwangwani sai NAFDAC, mai fitar da kaya waje sai hukumar bunƙasa fitar da kaya, NEPC. Dillalan motoci, masu harkar filaye da gidaje, masu gwal da otal-otal sai sun yi rajista da SCUML, sashen yaƙi da halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, bankuna ma ba sa sakin asusu sai sun ga takardar. Sunan da ke jikin kayanka kuwa CAC ba ta kare shi, rajistar tambarin kaya a ma'aikatar ciniki ta tarayya ake yin ta.

Na bar wanda ya fi wuya a ƙarshe, domin ba wa'adi ba ne, hali ne. Aljihun kamfani ba aljihunka ba ne. Da muka ɗauko akanta ya zauna da bayanan bankin Kawu na shekara bakwai da littattafansa masu bangon kwali, abin da muka gani ya isa a yi dariya a yi kuka. Kuɗin makarantar yara daga asusun kamfani. Kujerar Makka daga nan. Kayan lefen babban ɗansa daga nan. Wani cinikin kuma, na miliyoyi, asusunsa na kansa ya shiga saboda a ranar shi ne katinsa ke kusa. Akanta ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, duk wannan sai dai mu rubuta shi bashi ne kamfani ke binka." Kawu ya ce, "Ni kamfanina ke bi bashi? Da kuɗina?" Hanyoyin da kuɗi ke fita daga kamfani zuwa mai shi sanannu ne: albashi, rabon riba, ko rance a rubuce. Wanda ya cakuɗa ba zai taɓa sanin ko riba yake ci ko uwar kuɗi ba, kuma da hannunsa yake rushe katangar da Salomon ya samu tsakanin aljihunsa da bashin kamfani. Katangar dama ba ta kare mai zamba. Darakta da ya karɓi kuɗin wani aiki ko kafin alƙalamin kwangila ya karkatar da su da niyyar cuta, doka ta ce shi da kansa za a bi. Bankuna ma sun daɗe da gano hanya, ba sa ba ƙaramin kamfani rance sai darakta ya sa hannu ya tsaya masa da dukiyarsa.

Duk da wannan ɗawainiya, akwai abu ɗaya da ke sa in ce wa mai babban kasuwanci ya daure ya yi kamfani: kamfani ba ya mutuwa da mutuwar mai shi. Mun sha gani a Kano, attajiri ya rasu, kafin arba'in an kulle shaguna, an ƙirga kaya, an sayar da motoci, an raba, sunan da aka yi shekara 40 ana ginawa ya watse a wata uku. Idan kamfani ne, shago da mota da sito na kamfani ne, ba sa cikin abin da za a yanka. Abin da mamaci ya bari shi ne hannun jarinsa, shi za a raba bisa ƙa'idar gado, matar ta ɗauki tumuninta, 'ya'ya su ɗauki nasu, kasuwanci ya ci gaba da tafiya. Sai dai a sani, alƙalin kotun shari'a zai raba gado, amma rikicin cikin kamfani hurumin Babbar Kotun Tarayya ne, kuma magada ba sa shiga rajista sai da takardar izinin kula da dukiyar mamaci. Mai kamfani shi kaɗai, darakta shi kaɗai, mai sa hannu a banki shi kaɗai, ranar da ya faɗi komai zai tsaya cak har a gama wannan zirga-zirga.

A nan ne maganar Kawu ta fi ƙarfin akanta. Da muka sauke takardar masu hannun jari, sai ga sunan ƙaninsa, Allah ya jiƙansa, wanda ya rasu a 2021. A 2017 doka na neman mutum biyu, yaron shagon kwamfuta ya tambayi wa za a sa, Kawu ya faɗi sunan ƙaninsa, yaron ya raba hannun jarin yadda ya ga dama: 600,000 ga Kawu, 400,000 ga marigayi. Marigayin bai zuba ko kwabo ba, wataƙila har ya koma ga Allah bai san da maganar ba. Amma a rajista, kashi 40 cikin 100 na kamfanin nasa ne, wato yanzu na matarsa da 'ya'yansa shida, huɗu daga ciki ba su balaga ba.

Rahoton shekarun baya mun biya, alamar ta koma ACTIVE, ta haraji ma an daidaita, ko da yake masu riɗi sun riga sun ƙulla da wani. Ta hannun jarin ce ta kai mu zaure, da malamin unguwa da lauya da wan matar marigayi. Matar ta aiko cewa ita ta yafe, ta san dukiyar Yaya ce. Malam ya ce nata ta isa ta yafe, na manyan yaran su ma bakinsu, amma na marayu babu mai ikon kyautar da shi, sai an tabbatar tun asali aron suna ne ba kyauta ba, kuma da shaidu. Lauya ya ce ko an tabbatar, sai an fito da takardar kula da dukiyar mamaci kafin a taɓa rajista. Kawu ya daɗe bai ce komai ba, yana juya hularsa a hannu. Can ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, wannan yaron mai kwamfuta, har yanzu ba a samu lambarsa ba? Shi kaɗai ne ya ji abin da na ce a ranar."